Bazabarme da Fararen Riguna a Kwarin Tarka

Bawana! Labarinka ya riga motarka isowa Madawa. Wai Bazabarmen nan da ya zo mana da tsohuwar tarakta ɗaya da injinan ban-ruwa uku ya zama kamfani, har ya ɗinko wa yaransa riguna daga Yamai. Na ce sai na gani da idona. Da safe na gangara garka, sai ga su jere a bakin fangali, su goma sha biyu, kowa da tiriko da hula mai baki. An zana albasa a ƙirji, a baya kuma sunanka da lambar wayarka da wani dogon zance na Faransanci. Kuma farare fat! Fari, a kwarin Tarka, ana tsakiyar dashe! Kafin kiran azahar taɓo ya shafe rabin sunanka, lambar wayar ta koma ta wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ina ji ka shawarci wani Bazabarmen ne kafin ka zaɓi launin.

Ban ga laifinka ba. Mutumin da ba a san kakansa a gari ba dole ya rubuta sunansa a bayan wani. Ni Bagobiri, wanzami ya gama min nawa tambarin tun ina zanen goyo, yana nan a kumatu, ba ya koɗewa, ba ya neman sabulu.

Ka ce min wai rigar ce za ta sa manoma su yarda da kai. To zauna ubangidanka ya karanta maka. A nan, mai garka in zai ba da aikin huɗa ko haƙar rijiya, ba ya duba ƙirjin kowa. Tambaya yake yi: ɗan gidan wa ne, wa ya yi wa aiki bara, ya zo ranar da ya ce ko sai da iri ya tsufa a bakin rijiya? Dillali a Sabon Gida ko Arzarori yakan loda buhu ɗari bashi, mota ta kama hanyar Abijan ko Kumasi, ba takarda ba hatimi, sai ɗan fenti da aka shafa wa buhu don a gane mai shi. Kuɗi kuma su dawo. Ka san Kumasi ai. Kakanninka sun daɗe suna yi wa mutanen can dako. A duk harkar albasa abu ɗaya na san yana da hula tun fil azal, shi ne buhu, kuma waccan hular ba ado ba ce, wayon ɗan kasuwa ne na a ƙara masa albasa a bisa bakin buhu ba tare da ya ƙara ko dala ba.

Ka hau ka je Keita ka ga abin da ake kira aiki. Bayan farin da ya gigita ƙasar nan, a 1984 aka buɗe babban aikin farfaɗo da ƙasa da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO, hukumar PAM kuma tana biyan lada da abinci. Maza sun tafi bida, galibi mata ne suka ɗauki duwatsu a ka suka jera su a kan fako, suka haƙa ramuka, aka dasa miliyoyin itatuwa. Kayan aikinsu zane da gammo. Yau in ka bi ta Tamaske ko Ibohamane, itacen ne zai faɗa maka wa ya yi aikin. Haka a Buza: layukan dogonyaro da aka fara dasawa a kwarin Maggiya a 1975 tare da ƙungiyar CARE, don su tare iskar da ke kwashe ƙasar gona, ba wanda ke tuna irin rigar da masu dashen suka sa.

Amma kada ka ce Bagobiri ba ya faɗin gaskiya ko da a kan bawansa. Akwai inda rigar take da rana. Kasuwanninmu sun cika da masu tallar iri da maganin feshi a bisa tabarma, kwalba ba suna, mai ita ba adireshi. In albasa ta ƙone, ranar kasuwa mai zuwa ba ka ganin ko ƙurarsa. Wanda ya yarda ya manna sunansa a jikin yaransa ya ba mutane igiyar da za su kamo shi da ita, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Suna kuɗi ne. Ita kanta albasar Galmi sai da aka kai sunanta ofishin OAPI da ke Yawunde aka yi masa rajista, saboda kowa na son ya sayar da tasa da sunan. Sannan in za ka shiga ofis neman kwangila, mutanen can suna son hoto, kuma yara goma sha biyu cikin kaya iri ɗaya sun fi kyau a hoto. Wannan na ba ka.

Sai dai igiyar nan baki biyu gare ta. Riga ba ta zama inda aka aje ta. Ɗan ƙwadago yau yana wurinka, gobe an cire albasa ya wuce Libiya ko Legas, ya bar wa ƙanensa rigar. Makon jiya na ga ɗaya a jikin wani ɗan kabu-kabu yana zagin fasinja a tasha, sunanka na rawa a bayansa. Wata kuma na gan ta a wajen gari, an tsire ta da kara an ɗora mata tsohuwar malfa tana korar tsuntsaye. A gaskiya wannan ma'aikacin ya fi sauran riƙon amana, ko sallah ba ya tashi.

Abin da ya hana ni dariya shi ne yaronka mai feshi. Na tsaya na kalle shi. Tulun feshi a baya yana ɗiga ta murfi, ruwan maganin ya jiƙa farar rigar ta manne masa a fata, daidai kan sunanka. Ƙafa ba takalmi, hannu ba safa, ya kama bakin rawani da haƙori wai ya rufe hanci. Da ya gama ya tsuguna bakin injin ya ɗauraye hannu sama-sama, ya jawo kwanon fura. Maganin da ke kashe ƙwarin albasa ta fata ma yana shiga mutum, kai ma ka sani, tunda ka fi ni boko. Jikunan da ka zuba a zanen albasa da Faransanci da sun saya masa takalmin roba mai tsawo, da safar hannu, da abin rufe hanci, da riga mai dogon hannu wadda za a cire a wanke a nan garka, ba a kai ta gida a haɗa da kayan yara ba. In ka ga dama ka rubuta sunanka a kan takalmin, har na kakanka, in ka tuna shi.

Saboda haka ga hukuncin ubangida. Ranar kasuwa ka sayo kayan feshin, mutum biyu. In za ka sake ɗinki, ka zaɓi launin ƙasar Adar, ka rubuta da Hausa, harshen iyayen gidanka. Sannan ka aiko min da guda ɗaya cikin fararen, babba, wadda ba a sa ba. Ba sawa zan yi ba, Allah ya kiyaye a ga Bagobiri da sunan Bazabarme a baya. Uwargida ce ke neman abin tace koko. Ka haɗo da buhun albasa ɗaya, mai hula, kuma kai za ka ɗauko shi a ka, tunda gado ne.