Idan Bakin Alƙalami Ya Bushe: Shawara Ga Manyan Nassarawa

Ranka ya daɗe, wannan shawara taka ce, kai da ke zaune a ɗaya daga cikin gidajen nan masu dogayen katangu da inuwar darbejiya a Nassarawa GRA ta Kano, tsakanin titin Ahmadu Bello da titin Sultan, kai da aljihun rigarka ba ya rabuwa da alƙalami mai shan tawada. Masu biro su matsa gefe, ba da su ake ba. Nasu ko an tsinto shi a ƙarƙashin kujerar Adaidaita Sahu bayan wata shida, rubutu zai kama yi, domin bai san darajar kansa ba. Naka kuwa ya sani. Shi ya sa ranar da aka shimfiɗa maka takardar cinikin fili, shaidu sun jeru, mai hoto ya saita kyamara, ka zare shi cikin isa da ƙasaita, ka ɗora a kan layi, sai ya yi maka gum.

Kada fuskarka ta nuna komai. Ɗaure gira, ka ƙura wa takardar ido kamar ka hango wani abin da bai kwanta maka ba, sannan ka ce wa lauya ya ƙara yi maka bayanin sakin layi na uku. Lauya ba ya ƙin a ce ya yi bayani. Yayin da yake zuba, kai kuma ka riƙe alƙalamin bakinsa na kallon ƙasa, ka bar tawada ta gangaro a hankali. Minti ɗaya ko biyu sukan wadatar. Idan irin mai 'yar tanki ne da ake murɗawa, faki ido ka buɗe gindinsa, ka ɗan murɗa har ka ga tawada ta leƙo, ka tsaya nan. Za a watse ana cewa Alhaji ba ya sa hannu a takarda sai ya karanta ta tsaf, alhali Allah ya sani jiran tawada kake yi.

Idan lauya ya gama, alƙalami bai huce ba, nemi ruwan sha. Tsoma bakinsa kaɗan a cikin kofin, ka goge da hankici, ka ja layi biyu a bayan ambulan. Ɗigon ruwan nan shi zai jiƙa busasshiyar tawadar da ta toshe tsagar. Kofin kuma ka tura shi nesa da baƙi.

Akwai dabarun gado da ya kamata a bari. Babbarsu yarfawa. Duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan alƙalami hannunsa ya san wannan yarfi, kuma gaskiya yana aiki: tawada tana fitowa. Sai dai ba ta san takarda ba, farar geznar wanda ke zaune a damanka take nema, kuma a ƙa'ida shi ne wanda ka fi jin nauyi a ɗakin. Lasar baki ma tana aiki, amma dattijo mai shuɗin harshe ba ya iya yi wa kowa faɗa a ranar. Mafi muni shi ne dannawa da ƙarfi. Bakin alƙalamin ƙarfe ne da aka tsaga biyu, tsagar siririya ce ƙwarai, kuma ta cikinta tawada ke bi. Ka danna, ƙarafan su buɗe su ƙi komawa, shi ke nan garin neman gira an rasa ido.

To me ya sa yake wannan yanga? Tawadarsa yawancinta ruwa ne da aka narka rini a ciki, saɓanin ta biro mai kauri da maiƙo. Ƙarƙashin bakin akwai wata baƙar roba mai ƙananan hanyoyi, tawada na bi ta ciki ta sauko, iska kuma ta hau ta maye gurbinta. Wannan tsari ne ya ɗaukaka sunan Lewis Waterman na Amurka, wanda ya yi rajistar nasa a 1884. Tun kafin shi da nisa, a ƙarni na 10, Alƙali Nu'uman ya ba da labarin cewa Halifa Mu'izzu na Faɗimiyya ya sa a ƙera masa alƙalamin da ke riƙe tawadarsa a ciki, wanda ba zai ɓata masa hannu ko tufa ba. Ka ga ashe damuwar manya da rigunansu ba yau ta fara ba. Sai dai duk hikimar tana bisa sharaɗi guda, hanyar ta zauna a jiƙe. Da zarar ruwan da ke baki ya bi iska, rinin ya daskare a tsaga, hanya ta rufe.

Kano kuwa, wajen shanye ruwa, ba ta da wasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke tsaga leɓe da kaushin ƙafa, danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Alƙalamin da aka ƙera don sanyin Jamus ko damshin Landan, an kawo shi garin da wanki ke bushewa kafin a gama shanya. Ka kuma shigar da shi ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, wadda ita ma aikinta tsotse danshi. Sannan ka cire murfin ka riƙe shi a hannu kana nuna mutane da shi tsawon taron awa biyu. Haba, Alhaji. Murfin nan ba ado ba ne. Ko tsayawa za ka yi ka amsa waya, rufe shi, ka tabbata ya ce ƙas, ko ya murɗu har ƙarshe.

Zafi ma yana da nasa sharrin, amma ta ɗaya ɓangaren. Bar shi a mota a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, iskar da ke cikinsa ta kumbura ta turo tawada cikin murfi. Ranar ba za ka yi kukan rashin tawada ba. Hajiya ce za ta yi magana, idan riga ta je wanki.

Wurin kwanansa ma abin dubawa ne. A aljihu dole bakinsa ya kalli sama, don rigarka. Amma idan ya kwana bakwai a haka cikin rigar da ke rataye, tawada ta koma gindi ta yi zamanta. In kun dawo gida, ciro shi ka kwantar a kan tebur.

Wanda ya yi watanni a ajiye kuwa, wanka yake so. Ruwa mai tsabta, ba mai zafi ba, a zuƙa a fesar, a zuƙa a fesar, har ruwan ya fito fari. In ya yi taurin kai, a jiƙa bakin ya kwana a kofi, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke. Nan ne za ka yi hattara da masu son taimako. Direba zai kawo shawarar fetur, mai gadi ya ce kananzir, wani yaro ya taho da reza zai buɗe tsagar. Gode musu duka, ka karɓe kayanka, kafin a yi maka gyaran gangar Auzinawa.

Wani kuma, don kishin kayan gida, zai ce me ya sa za a sayi Quink, wadda kamfanin Parker ke yi tun 1931, ga tawada nan birjik a kasuwar Kurmi? Niyyar ta yi kyau, amma kul. Tawadar allo da gawayi ko baƙin tukunya ake yin ta, a haɗa da ƙaro don ta kama. Ƙaro danƙo ne. A alƙalamin kara ba ya ɓarna, domin in baki ya toshe, gardi zai fiƙe shi da wuƙa ya ci gaba da rubutu. A cikin Montblanc ɗinka kuwa, in ya daskare a waɗannan ƙananan hanyoyi, sai dai a yi maka jaje.

Idan an yi duk wannan, amma kullum harafin farko sai ya ɓace, mai yiwuwa laifin daga masana'anta ne. Wani bakin garin a sa shi santsi ake goge shi fiye da kima, har gefen tsagar ya lanƙwasa ciki, tawada ta tsaya dab da takarda ba ta taɓa ta ba. Abin haushin, tsada ba ta hana wannan. Alƙalamin Hero ɗan Shanghai, wanda aka kwaikwaya daga Parker 51 na 1941, sau da yawa yakan tashi nan take, saboda bakinsa a lulluɓe yake, iska ba ta samunsa sosai. Kamfanin Platinum na Japan kuma ya yi wani murfi mai rufin ciki, ya ce tawada za ta haura shekara ba ta bushe ba. Da alama sun samu labarin irin yawan rubutun da masu sayen kayansu ke yi.

Domin nan ne gizo ke saƙar, ranka ya daɗe. Alƙalamin nan tamkar tsohuwar Fijo 504 ne: wadda ake fita da ita kullum, da murɗa makulli ta tashi, wadda aka lulluɓe a gareji sai an tara yaran unguwa sun tura. A unguwarka ce Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, gidansa na nan har yau ana zuwa kallo. Razdan da Di'o da suka zauna nan, duk abin da za a ce game da mulkinsu, rubutu dai sun yi shi, rahoto kan rahoto, ga su can jibge a ma'ajiyar tarihi ta Kaduna. Kai kuwa wasiƙa sakatare ke bugawa, gaisuwa ta WhatsApp take, kuɗi ta waya ake turawa, har cek ɗin ma ya zama sai jefi-jefi. Aikin da ya rage wa alƙalami shi ne leƙowa daga aljihu a wurin ɗaurin aure.

Saboda haka maganin da ya fi duka araha shi ne kowace safiya, bayan karin kumallo, ka rubuta layi uku. Ko me ya samu. Kuɗin cefane, sunayen waɗanda ka yi wa alkawarin aiki tun bara, bashin mai kawo dizal. Wannan jerin na ƙarshe kaɗai zai iya riƙe bakin alƙalami a jiƙe har damina.

In kuwa ka duba ka ga layi uku sun yi maka yawa, to a wanke shi tas, a bar shi ya bushe babu tawada, a mayar da shi aljihu. Kyansa na nan, riga ta tsira, kuma ba wanda zai gane. Sai ka sa a sayo maka biro guda, ka ba yaron da ke riƙe maka jaka, ka gargaɗe shi kada ya miƙo sai mai hoto ya sauke kyamara.