Injiniyoyin Ƙuryar Gida

Abin da ya gama aiki a Kano bai gama ba a Magariya. Tayar da ta suɗe a hanyar Daura, bidon man ja da aka juye, tano mai tsatsa, ƙofar Fijo 504 wadda direbanta ya daɗe da yin jikoki, duk tsallako iyaka suke yi su kama sabon aiki a ƙuryar gidan wani. Akwai dalili. Azarar giginya ta yi tsada. Gawon da ya cika gonakin Magariya da Matamaye da Mirya, wanda masana ke tasowa daga Turai don su ɗauki hotonsa, ba a ɗaga masa gatari sai mutum ya shirya zama da ma'aikatan gandun daji. Siminti da kwano kuwa farashinsu lafiyar iyaka yake bi. Da Najeriya ta rufe ta a watan Agustan 2019 har ƙarshen 2020, aka kuma sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mai son yi wa akuya ɗaki ya san ba da sabon kaya zai yi ba. Shi ya sa kowane gida da injiniyansa, kowanne kuma da irin cutarsa.

Wanda ya fi yawa shi ne Malam Zai-yi-amfani. Wannan ba ya gini, tara kayan gini yake. Ba ya wuce ƙusa a hanya, ba ya wuce waya, ba ya wuce murfin tukunya. A bayan ɗakinsa akwai ƙafar keke ɗaya, da kan gadon ƙarfe ba gindi, da salansar babur, da garewanin man agaji da aka buɗe aka daddale tun yunwar 2005 za a yi ƙyaure da su. In uwargida ta ce, "Malam, kunamu fa sun yi gari a tarkacen nan," sai ya ce, "Bar su, ranarsu na zuwa." Ba a san ranar kunamun yake nufi ba ko ta tarkacen. Babban abokin gabarsa yaron jari-bola ne, mai yawo da kura da sikeli yana sayen ƙarfe a kilo. Malam na ganin sayar da ƙarfe a kilo cin mutuncin ƙarfe ne. Sau ɗaya aka lallashe shi ya tsaya ciniki da yaron, aka tashi shi ya sayi rim biyu daga cikin kurar.

Sai ɗan ci-rani da ya dawo da ilimi a waya. Ya yi Libiya, ko ya yi haƙar zinariya a Jado lokacin da aka yi ta tururuwa can a 2014, ya dawo ba zinariya amma da panon hasken rana ɗaya da batirin mota da bidiyo cike da waya. A ciki ya ga wani mutumin Indiya ya mai da mataccen firji injin ƙyanƙyasa. Ya samo firjin, ya huda shi, ya saƙala ƙwan fitila biyu, ya ɗaura wayoyi da leda. Yaran unguwa suka yi dafifi, ya kafa sandar kora.

A gaskiya abin ba tatsuniya ba ne, ana yi yana yiwuwa. Ƙwan kaza na son zafi wajen digiri 38, da ɗan danshi, da a riƙa juya shi kullum, har kwana 21. Abin da injiniyanmu bai lura ba shi ne watan Afrilu ake ciki, lokacin da inuwa ma a ƙasar Damagaram takan haura digiri 40, shi kuma ya girke firjin a ɗaki mai rufin kwano, ya ƙara masa fitilu. Wani ya tambaye shi ma'aunin zafi, ya ɗaga tafin hannu ya ce ga shi nan. Zabi ba su fara ƙwai ba sai damina, don haka ya bi kajin matarsa da na surukarsa ya tattaro ƙwai talatin, da alkawarin kowa za a ninka mata. Kafin mako ya zagayo wari ya riga bayani fitowa. Matar ta leƙa, ta fasa ɗaya, ta ce, "Maigida, da ka ce dafaffe kake so, ai da na ɗora tukunya." Shi ya ce laifin batir ne, ɗan Cana ne. A gefen ɗakin, wata kaza da ta ɓoye ƙwanta a bayan randa ta fito da 'yan tsaki tara ba ta nemi pano ba. Firjin yanzu dusar awaki ake zubawa a ciki, kuma babu rumbun da ya kai shi, don ɓera ba ya iya shiga. In ka tambaye shi zai ce maka da ma can abin da ya nufa ke nan.

Akwai maƙiyin igiya. Ba ya awo, ido ne awonsa. Da hantsi ya yanke shawarar rumfa, kafin la'asar ta tsaya: gofa huɗu, ɗaya ta fi sauran tsawo da kamu guda, kwano uku a sama, an danne da taya da duwatsu da tsohon turmi. Kowane tsohon magini ya san hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa ake juya masa baya. Shi bakin rumfarsa gabas yake kallo, wai don iskar safe. Iskar farkon damina kan zo ta karɓi gayyatar. Washegari sai ka ga maƙwabci a ƙofar gida yana cewa, "Kawu, kwanonka ya sauka a gonata, ya kwantar mini da shuka." Kawu ya je ya ɗauko, ya mayar yadda yake, ya ƙara taya ɗaya.

Mai aro ba ya buƙatar dogon bayani. "Yaya, ara mini guduma, yanzu zan dawo da ita." Zartonka na gidansa, tsaninka na gidansa, in ka je karɓa shi zai ara maka, har ya ce ka kula da shi.

Alhaji kuwa ba rashi ne ya kai shi bola ba. Yana da shanu, yana da rake a fadamar Korama, yana sayar da riɗi buhu-buhu, amma sabon kwano a wurinsa almubazzaranci ne. Ranar Alhamis zai tashi daga Dungas ya tsallaka Maigatari, ya sai da sa, ya ƙulle nairori a lalita, sannan ya bi layin 'yan tsofaffin kaya yana lissafi da baki, daga naira zuwa dala, daga dala zuwa jika, har mai kaya ya gaji ya sallama. Ya dawo da kwanon da in ka ɗaga shi ga rana sai ka ce rariya ce. Jikoki su zauna a zaure da dutse suna miƙe tsofaffin ƙusoshi, kowace ƙusa ashirin ladan alewa ɗaya. Hujojin kuma yana da maganinsu: farin soson da ake naɗe talabijin da shi a kwali, a narka a fetur ya zama danƙo, a lilliƙe. Dabarar na aiki, shekara guda. Abin da ba ta gyarawa shi ne Alhaji ya ƙi biyan kafinta, ya hau da kansa, ya buga ƙusa a kwarin kwano inda ruwa ke bi maimakon a tudunsa. Tsakiyar Agusta za ka tarar da shi zaune a tsakar ɗaki, daro a dama, bokiti a hagu, yana gaya wa baƙo nawa ya rage a kan wanda ya sayi sabo. Kuɗin fetur da na daro ba sa shiga lissafin.

Wani kuma a rediyo ya ji an gina gida da robobin ruwa cike da yashi a Sabon Yelwa kusa da Kaduna a 2011. Gaskiya ne an gina. Sai dai gidan dubban robobi ya ci, a nan kuwa roba ba shara ba ce, jari ce: mai zoɓo na so, mai kunun aya na so, mai man gyaɗa na so, mai fetur a bakin hanya na so. Shi yana tarawa da rana, amarya na ragewa da dare. Katangarsa ta kai idon sawu ta tsaya, sana'ar zoɓon gidan kuwa ta bunƙasa.

Wadda aikinta ke tsayawa ba a kiran ta injiniya. Iya ce, ko uwargida. Ba ta sanarwa, ba ta tara yara. Za ta kwaɓa laka da ɗan kashin jaki ta ɗaga akurki, ta kife tsohon daro a sama, ta danne da dutse saboda muzuru. Taya ta sa a raba mata biyu, ta zama kwamin ban ruwan tumaki. Gidan sauron da ya yage ya fi ƙarfin ɗinki ta zagaye zogalenta da shi, akuya ta zo ta yi kallo ta wuce. Bidon da ya tsage ta yi masa 'yar huda a gindi, ta binne rabinsa kusa da dashen mangwaro, ta cika da ruwan wanke-wanke, yana tsiyaya a hankali har azahar ta wuce. Kafin ta kafa itace a ƙasa sai ta babbake gindinsa ta shafa baƙin mai saboda gara, abin da maƙiyin igiya bai taɓa tsayawa yi ba. Ita ta san abin da take so kafin ta nemi kayan. Su kuwa mazan kayan suke fara samu, sannan su zauna tunanin abin da za a ce an yi da shi. In baƙi suka shigo suka yaba, maigida ne ke gyara hula ya ce, "Ai haka muke ɗan taɓawa."

Duk waɗannan ba wanda ke aiki shi kaɗai, don akwai Baba Da-ni-ne. Da ya ji ƙarar guduma zai jawo tabarmarsa gindin dogon yaro, ya fasa goro, ya fara: da ni ne da na karkata shi, da ni ne da na ƙara zurfin ramin, wannan lakar ba ta sha ruwa ba, a Kano ba haka suke yi ba. Abin haushin, rabin maganarsa daidai ne. Shi ya fara cewa firjin nan zai dafa ƙwai, shi ya ce rumfar Kawu ba za ta ga Yuli ba. Ba ya taɓa laka, wai bayansa. In aka kawo wa ma'aikata fura shi ake fara miƙa wa ludayi, girma ne. Katangar gidansa ta gabas ta faɗi damina uku da suka wuce, ya jingina zana biyu da ƙyauren aro a wurin, ya ce siminti yake jira ya sauko.