Masha Allah, Katanga Ta Karkace

A ƙasar Kazaure yanzu duk saurayin da ya riƙe waya mai ido uku a bayanta ya zama mai hoto. Da can mutane ake ɗauka: ango, amarya, sai ragon layya kafin a yanka. Yanzu samarin sun koma wa gine-gine. Yau ƙofar fadar Sarkin Kazaure, gobe harabar Kwalejin Hussaini Adamu, jibi tsofaffin zaurukan ƙasa a Roni da Gwiwa. Ban ga laifinsu ba. Gini ba ya ƙifta ido, ba ya cewa a goge a sake, kuma ba ya bin ka da "turo min" har sati guda.

Rigimar tana farawa ne bayan la'asar, idan saurayi ya zo majalisa ya miƙa waya ya ce, "Don Allah ku duba, in da gyara ku faɗa min." Na farko ya ce Masha Allah. Na biyu ya ce kai, kamar Dubai. Na uku bai ko kalli hoton ba, juya wayar ya yi yana tambayar sabuwa ce ko ta hannu. Na huɗu ya shafa allo ya faɗa cikin hotunan da ba a gayyace shi ba. Alhali a hoton nan an sare wa zanko ɗaya kai, soro ya kwanta baya, wayoyin wuta sun raba sararin sama gida uku, kuma a kusurwar hagu akwai rabin akuya.

Kara ce ta kashe mu. Mutumin da zai yi awa biyu a teburin mai shayi yana koya wa kocin Arsenal aikinsa ba zai iya buɗe baki ya gaya wa ɗan maƙwabcinsa ya karkatar da waya ba. Iyakar sukar da zai yi ita ce "ba laifi", kuma ko ita sai ya bi ta da "Allah ya ƙara basira".

Akwai kuma masu gyara, amma ba hoton suke gyarawa ba. Ka nuna musu wani gini a Babura, sai a tashi gardamar ko Babura ƙasar Kazaure ce, har wani ya rantse da rawanin kakansa, kafin a tuna masa cewa a masarautar Ringim take. Masanin tarihin majalisa ya gyara zama ya faro daga Ɗan Tunku da kafuwar masarauta wajen 1819, ya biyo ta ƙirƙiro Jigawa a 1991, ya sauka kan ɗan kwangilar da ya ci kuɗin fenti. Ana kiran magariba mai hoto ya karɓi wayarsa, caji ya ƙare, bai ƙaru da komai ba.

Gyara na gaskiya wurin tsohon magini ake samunsa, shi ma don abin ya taɓa mutuncinsa ne. Ya kai wayar nesa da ido, ya kawo ta kusa, ya ce, "Yaro, wa ya gina wannan?"

"Ai gidan Alhaji ne, Baba. Ku kuka gina."

"Ni ban taɓa gina katanga a karkace ba."

Daga nan darasi ya kankama. Ka manne wa gini ka ɗaga wayar sama don zankwaye su shiga, dole bango ya tsuke daga sama kamar rumbu ya kife. Ja da baya, tsallaka titi in ta kama, ka riƙe wayar a tsaye cak, gefen bango ya yi daidai da gefen allo. Kada ka zo da tsakar rana, lokacin da sama take fari fat, jan ƙasa ya koɗe, bakin zaure ya zama baƙin rami. Gidan da ya kalli gabas da hantsi ake zuwar masa, wanda ya kalli yamma kuma sai la'asar sakaliya, kuma hasken da ya bugo daga gefe shi ke tayar da dagi da sauran zanen da aka yi wa fuskar gida. Tsayar da yaro ɗaya a bakin ƙofa, mai kallo ya gane tsayin soron. Jira akuya ta wuce. In lokacin hunturu ne, goge idon wayar da gefen riga, don rabin hazon da ke hotunanku daga aljihu ya fito. Tsohon har ya ce da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Zariya a shekarun 1830, zai ga yadda ake karya masa bakan gizo a waya, da ya kai ƙara fada.

To, a nan ne ake gane cewa "ku faɗa min gyara" ma'anarsa "ku yabe ni". Saurayi ya murtuke fuska. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma shi sauke mu raba ya ji. Kafin isha'i labari ya zaga unguwa cewa Baba bai san wayar zamani ba, wasu ma suka ce baƙin ciki ne, tun da wayarsa mai tocila ce.

Ranar Asabar da hantsi sai aka hango saurayin a tsallaken titi, ya ja da baya, yana goge waya da riga, yana waige kada a gan shi. Hoto ya fito, bango a miƙe, zane ya tashi raɗau. A majalisa ya bayyana cewa kamfani ne ya sabunta masa manhajar kyamara cikin dare. Aka miƙa wa Baba, ya duba, ya gyaɗa kai.

"Yawwa. Wannan ni na gina ta."