Mu da Linux a Rumfar Caji

Mu nan Sabon Birni, in ka ambaci Linux, yawanci za a ce ba a san shi ba, alhali yana cikin aljihun mai faɗar. Duk wata Tecno ko Itel ko Infinix mai shafawa da ake kawowa rumfar caji, Android ce ke tafiyar da ita, ita kuma Android a kan Linux aka ɗora ta. Wani ɗalibi ɗan Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta shi a Helsinki a 1991, ya sake shi kowa ya karanta, ya gyara, ya raba, da sharaɗin in ka raba wanda ka gyara, ka raba shi a buɗe yadda ka same shi. Yau layukan umarnin da ke cikinsa sun haura miliyan 30.

Abin ya shigo hirarmu ne ta hannun samarinmu na nan da na garin Isa da suka yi karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Sukan sayo tsofaffin kwamfutocin gwanjo waɗanda Windows ya yi wa nauyi, su goge, su sa Ubuntu, wani nau'in Linux, sai ka ga tsohuwa ta miƙe tana aiki. Bayan la'asar muke haɗuwa, don yanzu ba mai son dare ya riske shi a waje saboda 'yan bindiga, kuma ɗan Isa dole ya kama hanya da sauran rana.

Kawunmu mai sayar da hatsi ne ya yi tambayar da ta fi kowacce. Ya ce, "To ku ɗiyana, in kowa na iya sa hannu shi gyara wanga abu, mi ka hana mugu zuba ƙasa ciki?"

Wanda ya fi mu sani ya ce, "Kawu, kowa na iya rubutawa, amma ba kowa ka shigarwa ba." Ya zayyana mana yadda ake yi. Gyaran da mutum ya rubuta, faci ake ce masa, kuma faci ɗaya abu ɗaya yake gyarawa. In matsala uku ka gani, faci uku za ka yi. A samansa ka bayyana abin da ya lalace da dalilin gyaranka, a ƙasa ka sa sunanka, shaidar kana da ikon ba da shi. Tun 2004 aka kafa wannan ƙa'ida ta sa hannu. Sai ka aika wa mai kula da sashen da ka taɓa. Su ɗaruruwa ne, wani kyamara, wani batir, wani sauti, sunayensu na rubuce cikin manhajar. Za a bi facinka layi-layi, a dawo maka da shi, ka gyara ka sake turawa, wani har sau biyar ko fiye. Wanda ya duba a rubuta sunansa, wanda ya gwada a kan na'urarsa shi ma a rubuta. Daga nan mai kula ya tara na sashensa ya miƙa sama. Torvalds yakan buɗe ƙofa mako biyu ya karɓi sababbin abubuwa, ya rufe, a yi kamar mako bakwai ana gwaji da toshe ɓaraka, sannan sabon fitowa ya fita. Duk mako tara ko goma haka ake juyawa, kowane zagaye da faci sama da 10,000 daga hannun kusan mutum 2,000. Akwai kuma dokar da shi Torvalds ba ya sassautawa a kanta: gyaranka kada ya lalata wa mai amfani abin da jiya yake masa aiki.

Kawu ya jinjina kai ya ce, "Ashe ku ma kuna tura hannu har gindin buhu. Ni ban sayen gero don na ga bakin buhu ya yi kyau."

Sai aka ba shi labarin ranar da aka kusa shan ƙasar. Akwai wata ƙaramar manhajar matse fayil, xz, da kusan kowane tsarin Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne ke riƙe da ita shekara da shekaru ba albashi, har ya gaji. Wani da ya kira kansa Jia Tan ya zo yana taimako, faci mai kyau bayan faci mai kyau, sama da shekara biyu, har aka yarda da shi aka ba shi ikon shigarwa. Da ya samu, sai ya dasa ƙofar baya wadda za ta ba shi damar kutsawa cikin kwamfutocin mutane. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya Bajamushe mai aiki da Microsoft, Andres Freund, ya lura shiga wata na'urarsa daga nesa ya ƙara kamar rabin daƙiƙa. Bai ce ba komai ba, ya bi diddigi har ya tono abin, kafin ya kai ga yawancin jama'a.

Kawu ya ce, "Wanga amana yaf fara saye, sannan yaz zuba ƙasa." Mun daɗe a kan wannan. Ni abin da ya tsaya mini shi ne mutumin nan da aka bari shi kaɗai da kaya. Masu son rubuta sabon abu suna da yawa, don suna ake yi da shi. Masu zama su karanta na wani su ce nan akwai gyara, su ne kullum ba sa isa.

Nan zancen ya dawo kanmu. Wani ƙanenmu ya taɓa tura ɗan gyaransa na farko, aka dawo masa da shi da tsokaci, ba sallama ba sannu da aiki. Ransa ya ɓaci, ya ce an raina shi, ya kusa barin abin. Wasu suka goyi bayansa, suka tuna cewa Torvalds kansa a 2018 ya nemi afuwa kan kaushin harshensa, ya ɗan janye daga aiki, aka kafa ƙa'idar mu'amala. Gaskiya ne, kaushi na korar sababbin hannu. Amma mu ciwonmu daban ne. Mu kunya ke cinmu. In yayanka ya rubuta abu ya ce ka duba, za ka leƙa sama-sama ka ce, "Yaya, ya yi," don ba a tashe mu da gyara wa babba magana gaban mutane ba. Tarbiyya ce mai kyau, ba na son mu rasa ta. Sai dai a wannan aiki "ya yi" ɗin da ba a karanta ba cutarwa ce, ga mai rubutun da ga duk wanda abin zai sauka a wayarsa.

Shi ya sa muka yi wa kanmu sharaɗi. Ba wanda zai tura komai waje sai wani a cikinmu ya karanta, ya gwada a tasa kwamfutar, ya faɗi abin da ya gwada. Ƙane na da izinin ce wa yayansa, "Yaya, a yi haƙuri, layin nan bai yi ba, ga dalili." A gaisa tukuna, a yaba abin da ya yi kyau, sannan a faɗi aibin ba kwana-kwana. Wanda aka gyara wa ya ce na gode. Kawu ya ce shi ne shaida.

In ana maganar zuciyar Linux, wato ɓangaren da Torvalds ke kula da shi, mu har yanzu 'yan koyo ne. Amma akwai gefen da ba wanda zai duba mana shi a Finlan ko Amurka, wato Hausar da ke cikin manhajojin nan. Wajen 2006 wani kamfani a Legas, garin taubasanmu Yarbawa, ya fitar da Wazobia Linux da Hausa da Yarbanci da Ibo, kuma fassarar Hausa ta wancan aiki ta shiga GNOME, fuskar da Ubuntu ke amfani da ita. Manhajojin sun yi ta sauyawa tun lokacin, fassarar ta tsaya, sai ka buɗe ka ga layi ɗaya Hausa, goma Turanci. Akwai tsarin madannai na Hausa cikin Linux, na Najeriya da na Gana, mai fitar da ɓ da ɗ da ƙ. Mu kuma da ke bakin iyaka mun san abin da na nesa bai sani ba. 'Yan'uwanmu Gobirawan Tibiri da Maradi da Madarunfa da ƴ suke rubutu inda mu muke sa 'y, kwamfutocinsu kuma jerin haruffan Faransanci gare su. Wanda ya yi gyara yana tunanin Kano kaɗai, ya bar rabin danginmu a baya.

Wannan gefen bai buƙatar ka iya rubuta umarni. Wata Malama mai koyar da Hausa a Isa ba ta taɓa rubuta layi ɗaya ba, amma duk fassarar da yaran suka yi sai ta bi ta hannunta. Ta waya ake tura mata, ta dawo da ita da gyare-gyare, wani lokaci har da faɗa kan ƙugiyar da aka manta.

Wahalarmu kowa ya san ta: wuta sai sola, data da tsada, sabis yau akwai gobe babu. A Satumba ta 2021, da gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da mu da Isa, wanda ya matsu sai ya nemi inda sabis ɗin Nijar ke kamawa. Abin da ya sa aikin nan ya dace da irin wurinmu shi ne Git, manhajar ajiye tarihin gyare-gyare da Torvalds ya rubuta a 2005. Kana sauke aikin sau ɗaya, tarihinsa duka na cikin kwamfutarka. Ka rubuta, ka gwada, ka ba ɗan'uwa a filashi ya duba, duk ba intanet. Ranar da sabis ya samu, ka tura cikin 'yan mintoci.

Gardamar da ba mu gama ba ita ce ta wace Hausa za a sa. Kawu ya dage. "Ku Gobirawa na, ku sa Gobirci, waya ta yi magana irin ta gida." Malama ta aiko da amsa cewa, "Baba, Allah ya ƙara girma, daidaitacciya za mu sa, don ɗan Zariya da ɗan zangon Kumasi su ma su gane, amma duk inda kalmarmu ta fi fito da ma'ana, za mu kai ta a duba." Kawu bai gamsu ba. Ya ce ranar kasuwa mai zuwa a karanto masa jerin kalmomin ɗaya bayan ɗaya, shi ma yana da gyara.