Yadda Ake Faɗuwa Turancin WAEC Ba Tare da Shan Wahala Ba

Samun F9 a Turanci ba ya zuwa haka siddan, sai an yi masa tanadi. Ɗalibin Kankiya ko na Kusada da ba ya son C6 ta ɓata masa takarda, ga matakan da zai bi.

Da farko ya sa a ransa cewa Bature ma Bahaushe ne, harshensa ne kawai ya karye. Hausa tana da 'yar kalma guda, "a", mai ɗaukar kowane kaya: a Kusada, a tasha, a ranar Litinin. Bature kuwa ya raba aikin uku: "in Kusada", "at the motor park", "on Monday". Ko batun kafa Jihar Katsina bai tsira ba: "in 1987" idan shekara ake nufi, amma "on 23 September" idan an ambaci ranar. Mai neman faɗuwa kada ya wahalar da kansa. Ya ɗauki "in" ya barbaɗa ta ko'ina kamar yaji a tsire.

Mataki na biyu, ya ɗauko aikatau daga bakin titin Kano zuwa Katsina ya kai su zauren jarrabawa yadda suke. Tunda shiga mota ake yi, ya rubuta "enter motor", ya manta da "get into a car" da "get on a bus". In zai sauka a Kankiya ya ce "I will drop", kada "get off" ta kuskura ta fito. Biro ya ƙare? "Borrow me your biro." Gaskiya ne Bature ya ware "lend" ga mai bayarwa, "borrow" ga mai karɓa, amma wannan matsalarsa ce; a wurinmu "ara" ɗaya ta wadatar. Wanda ke harin Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya ya ƙara da "drink medicine" a madadin "take medicine", kuma tunda da "ji" ake jin magana da wari da zafi, ya rubuta "I am hearing smell" hankali kwance.

Na uku shi ne adalci: ya ƙwace daga mai buƙata ya bai wa wanda ya ƙoshi. "Discuss" ba ta son rakiya, don haka ya liƙa mata "about". "Reply" da "listen" ba sa tafiya sai da "to", don haka ya hana su. A wasiƙar taya murna ya rubuta "congratulate for" maimakon "on", amarya kuma ta zama "married with" maimakon "married to".

Dabarar tana ci ne saboda lissafi. Insha'in WAEC, mai kalmomi kusan 450, maki 50 gare shi. Goma daga ciki na tsabtar nahawu da ƙa'idar rubutu ne, kuma kowane kuskure rabin maki yake cinyewa. Kurakurai 20 sun share goman nan ƙaf, aikin da ɗalibi mai himma kan kammala kafin ya juya shafi.

Akwai abubuwan da ke lalata shiri. Buɗe ƙamus yana da haɗari, domin yakan nuna kowane aikatau da 'yar rakiyarsa. Karanta jarida ya fi muni. Haka ma dattijon da ke kawo labarin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello suka gogu da Turanci. In ya fara, yaro ya ce "I am coming, Baba", ya fice abinsa.

In malami ya matsa, akwai hujja. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya karɓi kalmomin Najeriya 29, ciki har da "Kannywood" da "next tomorrow". Ɗalibi na iya zama jiran ranar da layi zai zo kan "borrow me". Kafin nan, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana nan tana neman kiredit biyar har da Turanci, fom ɗin jarrabawar 'yan waje kuma yana fitowa duk shekara, Baba ne mai biya.