Yadda Linzamin Kwamfuta Ya Kayar da Ɗan Manoma

A ƙasar Gumel, in ka ce hannunka na ciwo, tambayar farko ita ce: me ka ɗauka? Mai yankan riɗi a Gagarawa yana da amsa. Mai lodin buhunan gero a Sule Tankarkar yana da amsa. Wanda ya wuni yana kokawa da bijimai ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, shi kam ko bai buɗe baki ba an gane. Ni kuwa abin da ya kai ni ƙasa bai kai nauyin sabulun wanka ba: linzamin kwamfuta.

A wani shagon buga takardu nake aiki a cikin gari. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015 ba mu ƙara samun sarari ba. Ga masu fitar da silif, ga ɗaliban Kwalejin Ilimi da furojet ɗinsu, ga masu neman aikin gwamnati. Ɗan yatsa ɗaya ke ɗaukar nauyinsu duka, daga safe har kiran magariba.

Da sagewa abin ya fara. Babban yatsa, manuni da na tsakiya su mutu cikin dare, in farka ina yarfe hannu, maiɗakina tana tambaya ko kunama ce. Daga nan murɗa totur ɗin babur ya zama aiki. Ranar da lomar tuwo ta kuɓuce mini ta koma cikin miya, gaban baƙi, na san an zo wurin.

Na kai kuka wurin Baffa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya dubi tafinsa da fartanya ta mayar kanta, ya ce, "Ɗan nan, wato a inuwa kake, ƙarƙashin fanka, a zaune, kuma ka ji rauni?" Inna ta fi shi tausayi. Ita ta ce iska ce, don ba a rasa mutanen ɓoye a cikin akwatin da ke magana da Saudiyya ba waya. Aka turara ni. Wanzami ya kafa mini ƙaho a dantse, ya nuna mini baƙin jini ya ce ga ciwon nan ya fito. Bai fito ba. Maɗori kuwa bai tsaya jin bayani ba, ya ce targaɗe ne, ya tofa, ya ja hannun nan ja ɗaya. Salatin da na yi, maƙwabta sun ɗauka rasuwa aka yi.

Sai a asibiti, sashen gashin ƙashi, aka yi mini tambayar da ba wanda ya yi: "Malam, yaya kake zama?" Na kwatanta: benci gajere, tebur dogo, linzami can nesa bayan firinta, wuyan hannu a lanƙwashe bisa gefen katako. Ma'aikaciyar ta ce akwai wata jijiya da ke ratsa ƙunƙuntar hanya a wuyan hannu tare da igiyoyin da ke motsa yatsu. Maimaita motsi ɗaya da hannu a karkace yana kumbura wurin, jijiyar ta matse. Ba'amurken da ya ƙirƙiro linzamin, Douglas Engelbart, ya nuna wa duniya shi a 1968, amma a fili yake bai yi shawara da kafintan da ya haɗa mana tebur ba.

Maganin har haushi ya ba ni don arha. A ɗaga wurin zama har gwiwar hannu ta yi daidai da tebur. A jawo linzami kusa da jiki. A riƙe shi sakwa-sakwa, a tura shi da dantse, ba da wuyan hannu ba. Duk rabin awa a saki, a miƙe yatsu. A koyi Ctrl da C, Ctrl da V, da maɓallin Tab wajen cike fom. Da dare a ɗaura takalmin hannu. In da hali, hagu ta karɓi aikin na ɗan lokaci.

Wannan ta ƙarshen ce ta jawo mini. Na shiga saitin Windows na sauya maɓallan linzami su dace da hagu, na fita sallar azahar. Kafin in dawo, Oga ya zauna, duk abin da ya danna sai wani abu daban ya buɗe. Ya yanke hukunci cewa bairos ne, har ya aika a kira mai gyara. Na gyara a daƙiƙa biyar, na yi shiru, aka yi ta yaba ƙwarewata.

Sai ga wani dattijo da takardun tafiya Umara. Ya ga na miƙa hagu, ya dafe fasfo ɗinsa.

"Yaro, da wane hannu?"

"Ranka ya daɗe, likita ce ta..."

"Likitar ce za ta yi mini ɗawafi? Sa dama."

Na sa dama. Na kwana ina yarfe hannu.

Yanzu da sauƙi sosai. Ina zaune bisa bandir biyu na farar takarda, wanda ke nufin duk ranar da kasuwa ta yi kyau kujerata raguwa take yi. Don haka ina roƙon masu shagunan kwamfuta daga Gumel har Maigatari: ku saya wa yaranku kujerar da ta dace da tebur. Kai kuma da yatsunka suka fara mutuwa cikin dare, ka wuce asibiti kai tsaye, kada ka biya ta wurin Baffanka.