Furfurar Gwaggo Ba ta Tsufa Ba Ce

Ɗiyar ƙanena da ke karatu a Sakkwato ta zo hutu Bafarawa da waya maƙil da hotunan tsofaffin matan Turawa, kowace ta saisaye gashinta kamar ɗan firamare, fari fat, tana murmushi. Ta raɓa gefen tabarmar Gwaggo ta miƙa mata. Wai abin da ake yayi ke nan: mace in furfura ta kama ta, sai ta rage gashin ta bar shi da farinsa, ga kyau ga sauƙin wanki.

Gwaggo ta nisanta wayar tsawon hannu, ta ƙanƙance ido, ta daɗe tana kallo.

"Allah sarki, bayin Allah. Mi as same su? Masassara ta ko kwarkwata?"

"Kaka, ado ne fa."

"Ado? To Allah shi ba su lahiya."

Ban ga laifinta ba. A ƙasar Gobir, daga Isa har Sabon Birni har ka tsallaka Tsibiri, ba a ganin almakashi kan mace sai an tambayi wa ke jinya. Ko a aikin Hajji, inda maza ke kwashe suma tas, gwargwadon gaɓar yatsa aka ce mace ta rage. Na tabbata akwai hajiyoyin da suka auna da ɗan ƙaramin yatsa.

Amma ba askin ne ya fi ɓata wa Gwaggo rai ba. Kalmar furfura ce. "Wace hurhura? Wagga ba ta tsuhwa ba ta, gado na. Innata tun tana amarya taka da ita." Ban taɓa haɗuwa da mace a garin nan da furfurarta ta shekaru ce ba. Ta wata gado ce, ta wata sabulu ne bai karɓe ta ba, ta wata kuma hayaƙin murhu. Akwai dai dalili guda da ba na yi wa dariya: wadda ta kwana tana kasa kunne ko ƙarar babura ce daga daji, ita kam ba sai an tambaye ta inda ta samo tata ba.

Shekarun Gwaggo kuwa sun dogara da wanda ke tambaya. In kishiyarta na kusa, tana 'yar yarinya aka zaɓi Attahiru Bafarawa gwamna a 1999, duk da cewa ɗanta na fari ya jefa ƙuri'a a zaɓen. In ana hirar tsadar gero kuwa, sai ta manta, ta shiga ba mu labarin yadda ta kai sulallanta canji lokacin da naira ta maye gurbin fam a 1973. Ga tsagen Gobirci reras a kumatu, irin wanda 'yan yanzu sai dai su gani a fuskar kakanni. Shi dai ba ya rinuwa.

Mutum ɗaya ce ta san gaskiya, ita ce makitsiya. Ita ke ɗora kan kowa a cinya, ta sa tsinke ta tsaga, ta ga abin da miji bai gani ba shekara ashirin. Da hukumar ƙidaya na da wayo, da makitsa ta ɗauka aiki. Tamu ta ƙware a siyasa: in ta ci karo da farin sili sai ta yi shiru, ta lanƙwasa shi ƙarƙashin baƙi, ta ce, "Hajiya, kanki sai ƙara cika yake." A biya ta kuɗin kitso, a ƙara mata na riƙon amana.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne duk wannan yaƙi a ƙarƙashin ɗankwali ake yin sa, ɗankwalin ma a ƙarƙashin hijabi. Ana aikawa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis a sayo dayis, kuma kullum "na maƙwabciya" ne. A kwaɓa a murfin kwano, a shafa da tsohon buroshi, kunne ya yi baƙi, ƙeya ta yi baƙi. Wata fatar kanta ta kumbura, don baƙin rinin nan yana ɗauke da sinadarin da ba kowane jiki ke ɗauka ba, ta ce sanyi ne. Gashi kuma bai san an yi yarjejeniya ba. Kusan santimita ɗaya yake tofowa a wata, kafin sati uku farin ya leƙo daga tushe, kowace tsaga ta zama kamar an ja layi da alli.

Malamai sun sha faɗa cewa a rina da lalle, a nisanci baƙi. Matan suka ji, suka ce lalle na mai da kai ja kamar na akuyar Sakkwato. Mazan da suka bi fatawar su ne masu gemu ruwan goro, kuma ba na taɓa su. Waɗanda nake nufi su ne alhazan da furfurarsu ke zama dattaku ranar sasanta rikicin gona, ta ɓace ɗungurungum daren da za a je zance. Ka ga mutum ya haura sittin, gashin baki ƙirin kamar gindin tukunya, yana tashi daga tabarma gwiwa na ƙara. Hoton 'yan takara a bango ma haka: shekarunsu na tafiya, sumarsu na dawowa.

Jikar ba ta haƙura ba. Ta ce to ko shuku za a yi mata, a tattara shi sama. Gwaggo ta ce kitson Yarbawa ne, ita Bagobira ba ta aron kai wurin taubasai, a yi mata kalabarta.

Sai ranar sunan jikan maƙwabta na gano ashe dayis ɗin bai cinye kan duka ba. An zo rabon naman suna, wata da ba ta kai ta ba ta miƙa hannu kan ƙwaryar manya. Gwaggo ba ta ce uffan ba. Ta sa yatsa ɗaya ta tura ɗankwali baya kaɗan, sai ga wani tsiri fari tas a gaban goshi, wanda ta hana makitsiya taɓawa tun bara. Matar ta janye hannu. Gwaggo ta zaɓi tsokarta, ta jawo ɗankwali ta rufe.